Sutura da Fage da Majigi a Tarihin Ƙaramin Wasan Kwaikwayo na Hausa

1.0 Gabatarwa

Yawancin takardun da a ke gabatarwa a tarurruka irin wannan game da wasan kwaikwayo na Hausa sukan tsaya ne a kan jigo da zubi da salon magana, watau abubuwan da a ke iya gani a cikin littafi. Amma wasa ba ya cika wasa sai an tashe shi daga takarda an tsai da shi a gaban jama'a, kuma da zarar an yi niyyar haka, tambayoyi uku ne za su fara tarar mai shiryawa. Me 'yan wasa za su sa? A ina za su tsaya? Da wane haske za a gan su, kuma me za a nuna a bayansu? Maƙasudin wannan takarda shi ne bin sawun amsoshin da aka ba waɗannan tambayoyi a ƙasar Hausa, tun daga wasannin gargajiya har zuwa zamanin na'urar haska hoto.

Abin da mu ke nufi da ƙaramin wasa shi ne wanda 'yan mutane kaɗan su ke shiryawa da ɗan abin da ke hannunsu, a makaranta ko a unguwa ko a ƙauye. Dalilin ɗauko wannan batu kuwa shi ne abin da mu ke gani a kwalejojin ilimi inda mu ke koyarwa. Ɗalibai sukan yi karo-karo domin shirya wasa, sai yawancin kuɗin ya ƙare wajen hayar kujerun kushin da labule da na'urar majigi, ranar wasa kuma kaya su cika dandamali har 'yan wasa su rasa wurin motsi. Waɗannan ɗalibai su ne malaman gobe, kuma da yawansu za a tura su makarantun da babu zauren taro, babu wutar lantarki. Idan suka fita da zaton cewa wasa ba ya yiwuwa sai da waɗannan kaya, to, ba za su yi wa yaransu wasa ba ke nan. Ra'ayinmu shi ne tarihi ya nuna wata hanya dabam, wadda ta fi sauƙi kuma ta fi daɗewa.

2.0 Sutura a Wasannin Gargajiya

Tashe shi ne ya fi kowane wasa nuna mana yadda Bahaushe ya ke tsara shiga. Akan fara shi ne bayan azumin Ramalana ya kai kwana goma, lokacin da wata ya yi ƙarfi, saboda haka farin wata da 'yar fitilar da ke zaure su ne hasken wasa. Fagen wasa kuwa ƙofar gida ce ko tsakar gida ko bakin kasuwa, 'yan kallo suna kewaye, 'yan wasa suna tsakiya. A irin wannan hali babu bangon da za a yi wa zane, babu labulen da za a ja. Duk nauyin bayani yana kan jikin ɗan wasa.

Idan muka duba yadda yara su ke ɗaukar wannan nauyi, za mu ga ƙa'ida guda ce su ke bi. Yaron da zai fito a matsayin tsoho yakan manna gemun auduga, ya riƙe sanda, ya ranƙwafa. Wanda zai kwaikwayi malami yakan naɗa rawani, ya rataya gafaka, ya ɗauki allo. Jatau mai magani yakan zo da tarkacen saiwoyi da ƙulle-ƙulle. Mai dokin kara yakan shiga cikin dokin da aka ƙera da kara aka yi masa ado da tsummoki, ya riƙa sukuwa da ƙafafunsa. Babu mai kallon da bai san cewa gemun nan auduga ce ba, kuma babu wanda wannan sani ya hana shi ganin tsoho. Abu ɗaya ko biyu a ke zaɓa daga cikin kamannin mutum, a bar mai kallo ya cika sauran da hankalinsa.

Haka abin ya ke a wasannin manya. A wasan gauta, matan fada kan sa tufafin sarki da na hakimai su kwaikwayi zaman fada, alkyabba da rawani su ne ke faɗin wane ne wane. A kalankuwa, wadda samari kan yi bayan kaka, akan naɗa sarki da alƙali da dogarai, da Turawa suka zo kuma aka ƙara da gwamna da likita da ɗan sanda, kowa da alamar da za a gane shi. A bori ma kowane iska yana da kayansa, shigar Malam Alhaji dabam, ta Ɗan Galadima dabam. Abin da ya sauƙaƙa wannan shi ne al'ummar Hausawa ta riga ta mai da tufafi harshe. Rawani mai kunne biyu, da jan kayan dogari, da malfar matafiyi, da warkin maharbi, kowannensu magana ce cikakkiya wadda yaro da babba su ke fahimta ba tare da tafinta ba.

3.0 Zuwan Dandamali da Labule

Dandamali mai tudu, mai baki kamar firam ɗin hoto, yana da nasa tarihin a ƙasar Turai. A shekarar 1545 wani Ba'italiye mai zanen gine-gine, Sebastiano Serlio, ya buga littafin da ya nuna yadda za a zana titi da gidaje a bayan 'yan wasa ta yadda mai kallo zai ga kamar suna da zurfi. A shekarar 1618 aka gina gidan wasa na Farnese a birnin Parma, wanda a ke lissafawa a matsayin mafi daɗewa cikin waɗanda suka rage masu irin wannan baki. Daga nan tsarin ya bazu, har ya zama a Ingila ta ƙarni na 19 shi ne fasalin gidan wasa da ya fi rinjaye. Sharaɗinsa shi ne 'yan kallo su zauna a sahu su fuskanci gefe guda, a ɓoye musu duk abin da ke bayan fage, a yi ƙoƙari ɗakin da a ke nunawa ya yi kama da ɗakin gaske.

Makarantun boko ne suka shigo da wannan tsari ƙasar Hausa. A shekarun 1930 R. M. East ya fitar da wasanni shida na Hausa domin amfanin makarantu. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. A shekarar 1949 aka buga Wasan Marafa na Abubakar Tunau, sa'an nan Shu'aibu Maƙarfi ya fito da Zamanin Nan Namu a 1959 da Jatau Na Kyallu a 1960. Waɗannan wasanni an rarraba su kashi-kashi da fitowa-fitowa, kowace fitowa da wurinta, yau a gida, gobe a kotu, jibi a kasuwa. A rediyo, inda wasannin Maƙarfi suka fara yin suna, wannan ba matsala ba ce, domin murya kaɗai ta isa ta kai mai sauraro kotu. A zauren makaranta kuwa sai an rufe labule, an fitar da gado, an shigo da tebur, 'yan kallo suna zaune suna jira.

Talabijin, wadda aka buɗe a Kaduna a shekarar 1962, ta ƙara ƙarfafa wannan ɗabi'a, domin kyamara tana son falo mai kujeru da hotuna a bango. Amma ko a can, abin da ya zauna a zukatan jama'a sutura ce. Wanda duk ya ga wasan Samanja na Usman Baba Pategi a shekarun 1970 da 1980, kakin soja da gashin baki zai fara tunawa. Da ƙyar za a sami wanda zai iya faɗin launin bangon ofishinsa. Ƙa'idar gemun auduga ce ta sake ɓullowa a sabon wuri.

4.0 Majigi

Kalmar majigi ta samo asali ne daga sunan Ingilishi na wata fitila mai madubi wadda a ke haska hoton gilashi da ita a jikin bango, wadda a ke danganta ƙirarta ga Christiaan Huygens na ƙasar Holan wajen shekarar 1659. A Nijeriya wani jami'in kiwon lafiya, William Sellers, ya fara amfani da fim wajen wa'azin tsabta a Ikko tun ƙarshen shekarun 1920, kuma shi aka ba shugabancin hukumar shirya finafinai ta ƙasashen da Ingila ke mulka sa'ad da aka kafa ta a 1939. Motar majigi takan shiga gari da izinin En'e, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada ko ta hakimi, a jira duhu ya yi, a ta da injin. Mai sharhi yana gefe da lasifika yana fassara wa jama'a abin da su ke gani, yawanci a kan tsabta da noman gyaɗa da auduga da labarun hukuma. Fim ɗin Baban Larai yana cikin waɗanda dattawa ba su manta ba. Sunan dodon bango da aka laƙaba wa wannan abu ya isa ya nuna yadda aka fara karɓarsa.

Abin lura a nan shi ne yadda majigi ya sake tsarin zama. A tashe mai kallo yana iya zagayawa, ya tanka, ya yi dariya a fuskar ɗan wasa. A majigi dole a yi duhu, dole kowa ya dubi gefe ɗaya, hoto yana sama ya fi mutum girma, ba ya ji ba ya amsawa. Watau hoton bango ya shigo ƙasar Hausa ne a matsayin bakin hukuma, kuma duk mai niyyar sa shi cikin wasa ya kamata ya san cewa yana da halin danne duk wanda ya tsaya kusa da shi.

A Turai an daɗe da gwada haɗa shi da 'yan wasa masu rai. A shekarar 1927 Erwin Piscator ya shirya wani wasan Ernst Toller a birnin Balin, ya gina dandamali mai hawa-hawa da ɗakuna, yana haska hotuna da fim domin nuna abubuwan da suka auku a duniya cikin shekarun da tauraron wasan ya yi a tsare. A shekarar 1958, a baje-kolin duniya na birnin Burasels, Josef Svoboda da Alfred Radok, mutanen Cekosulobakiya ta wancan zamani, suka nuna wani shiri mai suna Laterna Magika, sunan da tushensa ɗaya da na majiginmu, inda ɗan wasa ke mu'amala da hotonsa. Abin da ya kamata mu ɗauka daga Piscator shi ne aikin da ya ba hoto. Ya sa shi ya nuna tarihi da taron jama'a da wucewar shekaru, abubuwan da mutum goma a kan dandamali ba za su iya nunawa ba.

5.0 Gidajen Wasa Biyu na Shekarar 1976

A shekarar 1976 an kammala gine-gine biyu a Nijeriya waɗanda kwatanta su zai amfane mu. Na farko shi ne Gidan Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a Ikko, wanda aka gina domin bikin FESTAC na 1977, bisa fasalin wani gini da ke birnin Varna na ƙasar Bulgeriya, da babban zaure mai ɗaukar mutum 5,000. Na biyu shi ne ɗan gidan wasa na ƙasa da ke Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, Zariya. Michael Etherton, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Zambiya, shi ne ya jagoranci fara karatun wasan kwaikwayo a can a shekarar 1975, wani Ba'amurke mai koyar da zanen gine-gine kuma, Steven Ehrlich, ya zana ginin.

Fasalin gidan Bahaushe aka ɗauka. Katanga ce ta ƙasa mai zanen ado, da ɗakuna masu da'ira da jinka, da fili a tsakiya wanda ke buɗe ga sama. Amfaninsa shi ne ana iya jujjuya shi. Yau 'yan wasa su tsaya a tsakiya 'yan kallo su kewaye su, gobe 'yan kallo su zauna a tsakiya a yi wasa a bakin ɗakunan, ɗaki ɗaya ya zama fada, ɗaya kasuwa, ba sai an ja labule ko an ɗauke kujera ba. Matsalar da wasanni masu fitowa-fitowa suka haifar a zauren makaranta, gini ya warware ta. Daga wannan wuri ne malamai da ɗalibai suka riƙa fita ƙauyukan Zazzau, kamar Soba da Bomo, suna shirya wasanni tare da manoma a kan matsalolinsu, a fili, ba dandamali, da tufafin da mutanen ke sawa. A daidai wannan zamani littafin Jerzy Grotowski na 1968, mai kiran a rage wa wasa duk abin da ba ɗan wasa da mai kallo ba, yana yawo a jami'o'in duniya. Yaran tashe ba su karanta shi ba, amma sun riga shi aiki da shi.

Babban zauren Iganmu ya yi shekaru masu yawa a rufe kafin a yi masa gyara. Ginin ƙasa na Samaru kuwa, ko da ya ke yana bukatar yaɓe da sabunta jinka, abin da magina da masu baibaya na gari za su iya ne, kuma ya yaye ɗalibai tsara bayan tsara.

6.0 Darasi ga Mai Tsarawa

Domin mu ga yadda wannan tarihi zai yi aiki a hannu, bari mu ɗauki Shaihu Umar. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya rubuta littafin a gasar 1933, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasa aka buga a 1975, Adamu Halilu kuma ya mai da shi fim a 1976. Labarin ya ratsa Kagara da Kano da hamada da Masar da Murzuƙ da Tarabulus, ya ƙare a Rauta. Ɗaliban da suka ce sai sun gina kowane gari, kuɗinsu zai ƙare tun ba a bar Kagara ba.

Abu na farko shi ne a yanke shawarar wuri kafin a sayi ko da allura, domin wuri ne zai hukunta sauran. Tun da Shaihu yana ba almajiransa labari ne, buzu ɗaya a gefen fili ya isa ya zama Rauta daga farko har ƙarshe, sauran fili kuma ya zama duniyar da ya ke tunawa. Tabarma da zana da turmi a kife suna iya zama gida da zango da kasuwar bayi, gwargwadon yadda aka jera su.

Na biyu, a bar sutura ta ɗauki nauyin faɗin gari da zamani da matsayi. Jallabiya da naɗin Larabawa a jikin Abdulkarim sun isa su kai mai kallo ƙetaren hamada. Mahaifiyar Umar tana iya farawa da zanen saƙi da gyale da mayafi, a riƙa rage mata su fitowa bayan fitowa, har a gan ta a Tarabulus da tsumma ɗaya. Amma sauƙi ba ya nufin sakaci. Labarin na ƙarni na 19 ne, zamanin da Heinrich Barth ya iske Kano a 1851 tana cinikin saƙi da rini har ƙetaren hamada, saboda haka saƙi da tsamiya da turkuɗi su ne kayan zamanin. Hular zanna, wadda ta sami suna daga ɗan siyasar Barno Zanna Bukar Dipcharima a tsakiyar ƙarni na 20, ba ta da wuri a kan Makau, haka nan agogon hannu da takalmin roba. Abu ɗaya da ya dace ya fi goma da aka aro ba bincike.

Na uku, majigi ya zo a ƙarshe, kuma a tambaye shi abin da zai yi wanda jiki da tufafi suka kasa. A Shaihu Umar wuri ɗaya ne mu ke ganin ya cancanta, watau hamada da guguwar da ta binne ayari. Idan aka ɓoye hoto har zuwa nan, ƙarfin nan nasa na danne mutum, wanda muka ambata a baya, sai ya zama shi ne ma'anar fitowar. Ko a nan akwai sharuɗɗa. In na'ura tana gaba, inuwar ɗan wasa za ta faɗa kan hoto, farar riga kuma za ta kama hoton ta ɓata fuskar mai ita. In tana bayan ƙyalle, sai an bar mata tazara. Fitilar da ke haska 'yan wasa in ta taɓa ƙyallen, hoto ya dushe. Baƙin rini yana shanye haske, shadda mai ƙyalli tana mai da shi ido. A fage mai da'ira kuma babu bangon da kowa ke fuskanta. Wannan ya sa ba ya yiwuwa mai tufafi da mai fage da mai haske kowa ya yi gabansa sai ranar wasa su haɗu. Tsintsiya ce, maɗaurinta ɗaya. Daɗin daɗawa, a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ba sallama, wajibi ne a gwada kowace fitowa sau ɗaya ba na'ura, a tabbata labari zai tsaya da ƙafarsa.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun bi ƙaramin wasan Hausa daga ƙofar gida zuwa zauren makaranta, daga filin majigi zuwa ginin ƙasa na Samaru. Mun ga cewa sutura ita ce mafi daɗewa kuma mafi ƙarfi cikin abubuwa ukun, dandamali mai labule baƙo ne da ya zo da buƙatun da ƙaramar ƙungiya ba ta iya biya, majigi kuma yana da amfani in an san halinsa an taƙaita aikinsa. Shawararmu ga 'yan'uwa malamai ita ce a sa tsara sutura da fage cikin abin da a ke koyarwa kuma a ke ba maki, a riƙa sa ɗalibai su shirya aƙalla wasa ɗaya a fili ba wutar lantarki kafin a ba su zauren taro. Har ila yau akwai bukatar a tattara hotuna da bayanan tufafin wasannin gargajiya da na makarantu daga bakin dattawan da suka yi su, tun suna raye, domin rubutaccen wasa yana nan a ɗakin karatu, amma yadda aka tsai da shi a gaban jama'a yana cikin kawunansu ne kawai. Daidai ruwa daidai tsaki. Muna fatan mahalarta wannan taro za su gyara mana inda muka yi kuskure, su kuma ƙara inda muka taƙaita.